Tafiyarmu wani ƙauye bayan Birnin Kudu da fitilun Yaya

Tun damina bata gama ɗaukewa ba Yaya yake min maganar aikin nan, wai akwai wani ɗakin karatu da ya zana wa 'yan ƙungiyar wani ƙauye can gaba da Birnin Kudu, sun gama gini sunyi rufi saura wuta, kuma ni yake so naje nayi wayarin na haɗa musu sola. Yayan nawa ɗan wan babanmu ne, akitek ne, a Zariya yayi karatu, ni kuma wayarin nake tun ina yaron shago a Sabon Gari. Nace Yaya ai abu mai sauƙi ne, faɗa min faɗin ɗakin na sayo ƙwayaye masu wat 30 mu manna a silin mu dawo gida. Yace a'a, ƙwan ma shi zai zaɓa da kansa, kuma fitilun ratayawa za'a yi masu saukowa ƙasa, kuma a can za'a ƙera su. Nace a ƙauyen? Yace a ƙauyen. To babba ne, na ja bakina nayi shiru.

Ranar Juma'a da sassafe muka isa tashar Unguwa Uku da fanel biyu, batir, nadin waya, fayif, da wasu falankin alminiyam da ya naɗe da kwali yana ta lallaɓa su. Sharon muka samu, kuɗin mota 4,500 kowa, amma kaya sai da aka kai ruwa rana da 'yan kamasho kafin suka sauko 6,000, shima don direban yaga batirin zai shiga ƙarƙashin kujera ne. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba'a bi ta Wudil ranar Juma'a in ana sauri, ranar kasuwa ce, tun kafin gada motocin shanu suka tsare hanya, ga 'yan talla sun yanyame mota, muka sayi awara da rake muna ci muna jiran Allah ya kawo mafita.

A cikin cunkoson nan ne ya ciro waya ya nuna min hoton wata fitila, yace kaga uwar abin da zamu je yi. Farar fitila ce mai hawa-hawa, marfi kan marfi, rataye a saman tebur, ko ta ina ka kalle ta baka ganin ƙwan. Sunanta PH 5, wani mutumin Danmak mai suna Poul Henningsen ya fito da ita a 1958, biyar ɗin kuma don faɗin babban marfin santimita 50 ne. Mutumin gine-gine ya karanta, bai ma ƙarasa karatun ba, kuma yayi zanen gidaje, amma da fitila duniya ta sanshi. An haife shi 1894, ya tashi da fitilar kananzir, da lantarki ya shigo sai ya ga ƙwan yana kashe ido, mutane sun rataye shi tsirara ko sun lulluɓe shi da ƙyalle mai ado wanda yake cinye hasken, shine ya zauna yana lissafin yadda za'a lanƙwasa marfi ya kare ido daga ƙwan amma ya tura hasken inda ake buƙata. A baje kolin Faris na 1925 ya ciyo lambar zinare, shekara ta zagayo 1926 ya fito da tsarinsa na marfi uku, kamfanin Louis Poulsen ne ke ƙerawa har yau. Nace nawa ne guda? Yace ta asalin tana kai wa wajen dala 1,000. Wani dattijo da ke gefenmu yana ta kasa kunne ya saki salati, yace fitilar ɗaki ce ko ta jirgin sama.

Bayan Wudil hanya ta buɗe, Kachako, Kwanar Huguma, ba wani abin faɗa sai gonakin dawa da suka sunkuyar da kai da tarin riɗi da aka jingina ana jiran ya bushe. Shingaye dai kun san su, direba ya miƙa hannu mu wuce, sai guda ɗaya da aka ce a faka a sauke kaya. Rasit ɗin fanel da batir suka nema, Allah ya taimaka yana aljihuna, sai ɗayansu ya warware takardar zanen Yaya ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, yace Oga wannan kwanon satalayit ne ko me? Yaya yace fitila ce ranka ya daɗe. Ya ƙara kallo yace to ina fitilar? Haka dai aka yi dariya aka rabu, amma sai da muka ɓata kusan rabin awa wajen sake ɗaure fanel.

A Birnin Kudu muka yi sallar Juma'a muka ci shinkafa da wake na 1,200, sannan muka ɗauki shatar a-kori-kura 9,000 zuwa ƙauyen. Nan ne wahalar take. Kwalta ta ƙare tun da wuri, sauran duk burji ne da ruwa ya zaizaye, sai wani kwari mai yashi inda motar ta nutse har gindi, direba yana ta ba ta wuta tana ƙara tona wa kanta rami, ni kuma hankalina na kan fanel kar gilashin ya tsage, na rungume su a bayan mota rana na dukana. Wasu samari masu cirar gyaɗa ne suka baro gona suka zo da fartanya suka tone tayoyin, aka shimfiɗa karan dawa aka tura. Mun basu na goro suka ƙi karɓa wai ai baƙin makarantarsu ne, amma suka cika mana leda da ɗanyar gyaɗa. A Kano in motarka ta mutu a titi kafin a taɓa ta sai anyi ciniki.

Gidan mai gari aka fara kai mu. Muka zube muka yi gaisuwa, Allah ya ja zamanin mai gari, yace lale da Injiniya, ya hanya, ya mutan birni, aka kawo ruwan randa da fura mai sanyi a ƙwarya. Soron da muka zauna tsohon ginin ƙasa ne na tubali da azara, bakan gizo sun taso daga bango sun haɗe a tsakiya, a daidai mahaɗar an dasa wani tsohon farantin langa da ƙugiya a cibiyarsa. Yaya ya manta da furar, kansa na sama. Ya tambayi mai gari, Baba wannan ƙugiyar fa? Yace fitilar ƙwai ake ratayawa zamanin mahaifinsa, kafin nan kuma aci-balbal ce a alkuki, ya nuna mana ramukan a jikin bango har yanzu da baƙin hayaƙi a samansu. Bayan mun fito Yaya yake ce min ka lura alkukin nan duk a inda suke? Ɗaya kusa da inda mai gari ke zama, ɗaya bakin ƙofa ta yadda duk mai shigowa za'a ga fuskarsa, kuma tsayinsu daidai wanda ke zaune a ƙasa harshen wutar bazai shiga idonsa ba. Maginin tun yana ɗora tubali ya san inda haske zai zauna, ba wai sai an gama an shafe ba a kira mai wuta a ce zo ka san yadda zaka yi. Wannan maganar da ni yake, na gane, na share.

Ɗakin baƙi na jikin zaure aka bamu, katifa a ƙasa da gidan sauro, tuwon dawa miyar kuka da man shanu aka aiko daga cikin gida, wallahi rabon da na ci kuka mai daɗin wannan na manta. Bayan isha muka fita bakin kasuwa neman shayi da cajin waya. Garin babu wutar gwamnati, amma sola ta shiga ko'ina, mai shayi, mai caji, mai kemis, kowa ya rataye farin ƙwai tsirara a tsayin goshi, haske fau har baka iya kallon wajen, ƙwari kuwa sun taru suna faɗawa cikin kofin mutane. Abin da na lura shine kana tsaye gaban teburin mai shayi baka ganin fuskarsa, shi da yake bayan ƙwan, kuma in ka juya zaka tafi sai ka tsaya jim don duhun ya ninku. Yaya yace ƙwayar ido ce, in abu mai tsananin haske yana gabanta sai ta tsuke, to duk abin da bai kai shi haske ba sai ya koma duhu, ka ƙara wat ka rage gani. Ni dai na san aikin da nake yi a gidajen Kano, silin ɗin fi'ofi da ƙananan ƙwayaye talatin, ga shuɗi ga ja ga mai walƙiya, mai gida ya biya yana murna, amma in ka koma bayan wata biyu zaka tarar ɗaya kawai suke kunnawa.

Washegari bayan koko da ƙosai muka tafi wajen maƙerin. Dattijo ne, ba maƙerin garma ba, irin masu aikin gwangwani da alminiyam ne, mazurari, rariya, murhu, kwanon awo, ludayin miya. Yaya ya shimfiɗa zanensa da kwalayen da ya yanka daidai girman kowane marfi, babba mai faɗin kamu biyu da ɗoriya, matsakaici, da ƙarami wanda zai rufe ƙwan ta ƙasa. Baba ya daɗe yana juya kwalin, can yace ɗana, to in ka rufe ƙwan ta sama ka rufe ta ƙasa hasken ta ina zai fita, ko dai duhu aka aiko ka ka sayar mana? Yaransa suka fashe da dariya. Yaya bai yi musu ba, yace Baba a ara mana ɗaki mai duhu. Aka shiga ɗakin ajiyar gawayi aka rufe ƙyaure, na haɗa ƙwai da ƙaramin batir, aka fara kunna shi tsirara kowa ya kare ido da hannu, sannan ya jera kwalayen nan da tsinke a tsakaninsu. Hasken ya bugi cikin babban marfin ya zubo ƙasa, wani ya silalo ta tsakanin marfi da marfi ya haska bango, ƙwan kuwa ko ka durƙusa baka ganinsa. Baba ya ɗaga tafin hannunsa a ƙarƙashi yana kallon zanen hannun, yace to, kawo falankin.

Kallon aikin nan shine abin da ya fi min daɗi a duk tafiyar. Ba injin ba komai, almakashi ne da guduma da wani kututturen icce mai rami, yana bugawa yana juyawa har faranti ya lotsa ya zama kwano, in ya ɗora kwalin Yaya yaga da saura sai ya ƙara. Kuma ya gyara wa akitek zanensa, don a takarda bakin marfin a miƙe yake, Baba yace haka zai yanki hannun mai sharewa kuma da an taɓa shi zai lanƙwashe, sai ya naɗe bakin da siririyar waya a ciki irin yadda yake wa bokiti. Yaya ya ciro biro ya gyara a takardar nan take. Ciniki ya faɗa a 7,000 kowace ɗaya, guda 6, falanki namu. Cikin marafan muka shafa farin fenti marar sheƙi, don alminiyam tsirara madubi ne, zai dawo maka da hoton ƙwan cikin ido, aikin banza kenan.

Muna jiran fenti ya bushe a ƙarƙashin dalbejiya nake tsokanarsa, nace Yaya wai duk akitek haka suke da shisshigi ko kai kaɗai ne, ku zana gida ku bar mana wuta mana. Yace ai manyansu ma sun fi shi. Ya kawo wani Alvar Aalto na ƙasar Finlan da ya zana asibitin masu tarin fuka a Paimio, aka gama 1933, mutumin ya zauna yayi tunanin cewa majinyaci a kwance yake wuni yana kallon sama, don haka ya kawar da fitila daga saitin idon wanda ke kwance, har launin silin sai da ya zaɓa mai kwantar da hankali. Da Arne Jacobsen da ya zana otal ɗin SAS a Kofenhagen wanda aka buɗe 1960, shi har kujeru da cokula da mariƙin ƙofa da fitilu duk shi ya zana. Shi kansa Henningsen a 1958 ɗin yayi wata ƙatuwa saboda wani gidan cin abinci na Langelinie, ana ce mata Artichoke, ganye 72 na ƙarfe a layi 12, da ya nuna min sai naga kamar abarba aka rataye a kife. Nace su me ya dame su da fitila haka? Yace a Disamba ranarsu wajen awa 7 kawai take yi ta faɗi, rabin rayuwarsu a ƙarƙashin fitila suke yi. Nace to mu da rana ta ishe mu fa? Yace yaran garin nan yaushe suke karatu in ba bayan magariba ba, da rana suna gona.

Wajen ratayawa ne muka yi rigima ta gaske. Su Turawa a saman teburin cin abinci suke sauko da ita, kamu uku ko ƙasa da haka daga tebur, ba mai bi ta ƙarƙashi. Nan kuwa a tabarma ake zama, allo da littafi a cinya, kuma in lokacin salla yayi a nan za'a miƙe a yi sahu. In ka sauko da ita sosai kai zai buge ta, in ka ɗaga ta sama haske ya raunana, don in nisa ya ninka biyu abin da ke isa kan takarda kashi ɗaya cikin huɗu ne, wannan ko ni na sani. Yaya ya zauna a tabarma da littafi ni ina kan tsani ina ɗagawa ina saukewa, ɗaga kaɗan, sauke kaɗan, har hannuna ya sage, aka nemo wanda ya fi kowa tsawo a ƙungiyar aka tsayar da shi da hularsa, muka tsaya a mita 2 da 'yan kai. Biyu daga ciki ya sauko da su ƙasa sosai a saman dogon bencin da ke jikin bango inda ba mai wucewa.

Sai maganar fanka, wadda a nan ni na ci shi. A zanensa fitila da fanka sun yi kusa, kuma da waya kawai yake so a rataye don ta fi kyan gani. Nace Yaya iskar fanka zata dinga kaɗa ta haske na lilo a kan takarda, kuma in fiffiken ya gitta tsakanin fitila da bango ko silin ɗakin zai dinga ƙyafta ido, kan yara zai yi ciwo. A fayif za'a zura wayar a ɗaure shi a jikin katakon rufi, fanka kuma ta matsa tsakiya tsakanin layi biyu. Yayi shiru yana kallon sama, yace yi yadda ka gani ƙanena.

Da magariba aka kunna, gari ya taru har da mata a bakin taga. Shugaban ƙungiya ya ja ni gefe yace Malam batirin bai cika bane? Don ƙwan da Yaya ya fara sawa mai ruwan ɗorawa ne, 3000K, su kuma a wajensu in haske ba fari tas ba to caji ya ƙare. Na faɗa wa Yaya tun a Kano haka zata faru shiyasa na taho da 4000K a jaka, tsaka-tsaki, shi muka sa a huɗu na tsakiya aka bar masa nasa a saman benci. Wat 12 ne kowanne, duka shidan wat 72, batirin ko a jikinsa. Malamin makarantar, wanda ke sa tabarau, ya buɗe Alƙur'ani mai ƙananan rubutu ya karanta a zaune a kusurwa ba tare da ya karkata shi ba, yace da fitilar caji sai ya kai shi saitin hanci. Yara kuwa leƙa ƙarƙashi suke ta yi suna neman inda aka ɓoye ƙwan.

Ni dai abin ya burge ni amma ina da ja. Marfin nan yana cin wani kaso na hasken, ba makawa, wanda ƙarfinsa ƙwai ɗaya ne da ƙaramin fanel bazai yarda ya rufe shi ba kuma ban ga laifinsa ba. Sannan hawa uku wajen zaman ƙura ne, hunturu na zuwa, ga yanar gizo ga zanzaro da zai ga ya samu gida, farin fentin nan in ya yi ja to rabin aikin ya tafi. Danmak basu san ƙurarmu ba. Na nuna wa wani yaro mai hankali a cikin ɗaliban yadda zai kashe makunni ya kwance ƙaramin marfin ya goge da tsumma duk Alhamis, na bar masa sukundireba ɗaya.

Ranar da zamu taho mun biya ta wajen Baba maƙeri mu cika masa kuɗinsa, muka tarar ya huda tsohon kwanon langa da murfin tukunya ya haɗa wata irin tasa mai hawa biyu, wai mai shayi ne ya sa shi, 2,500. Yaya ya juya ta ya juya, yace Baba ta ƙasan ta yi ƙanƙanta ana hango ƙwan daga gefe, Baba yace mai shayin ne yace a bar masa kaɗan ya leƙo don masu tahowa daga nesa su san ya fito. Mai gari ya haɗa mu da buhun gyaɗa rabi da zabi biyu, babura muka hau zuwa bakin kwalta 1,500 kowa tunda ba kaya, muka tsallake kwarin yashin nan da ƙafa. Daga Birnin Kudu motar da muka samu ta tsaya canjin taya a Kachako, zabin nan suna ta kuka a but, sai bayan isha muka shigo Mariri. Sauran kuɗin aikina ƙungiya tace sai an sayar da riɗi, Yaya ya tsaya musu, don haka in na koma karɓa zan tafi da ragowar farin fentin na duba yadda marafan suka yi da ƙura.